MAIDUGURI: DOGON HUTU A GINDIN FILIN JIRGIN SAMA

Duk matafiyin da ya tasam ma Maiduguri a mota daga Kano, in ya wuce Fataskum da Damaturu, ya baro Benisheikh da Jakana da Auno a bayansa, sau da yawa kunnensa ne ke fara gaya masa ya iso tun idonsa bai ga gari ba. Filin jirgin sama yana nan yamma da birnin, ba nisa da wannan hanya, kuma tun da sassafe ake jin rugugin jirage suna tashi suna sauka. Baƙo yakan leƙa ta taga, wani ma har ya yi salati. Direba kuwa ko kai ba ya ɗagawa. Amma in motar ta tsaya wajen Bulumkutu, baƙon ya tambayi ɗaya daga cikin yaran da ke tallan gyaɗa ko dafaffiyar masara wane irin jirgi ne ya wuce, zai sha mamaki. Yaron zai gaya masa ko na fasinja ne, ko na yaƙi, ko kuwa mai saukar ungulu na masu kai agaji, ba tare da ya dubi sama ba. Da kunne ya koya, ba malamin da ya taɓa zaunar da shi.

A watan Agusta, sa'ad da damina ta yi tsaka, garin yakan sake kama. Itatuwan darbejiya da suka jeru a bakin tituna, waɗanda a wannan sashe aka fi kira maina, sukan wanke ƙurar da suka kwasa da rani, su yi kore shar. Kogin Ngadda, wanda watanni kaɗan baya rairayi ne zalla, ya kawo ruwa, ko da yake tun ambaliyar ran 10 ga watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Litinin har da fadar Shehu, mutanen gari ba sa yi masa irin kallon da suke yi masa a da. A wannan wata ne kuma makarantu ke rufe. Daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, watau mako shida ko fiye, yaran Yerwa suna gida. Mai gona ya ja nasa gona, in gonar tana inda ake iya zuwa. Mai shago ya zaunar da nasa a shago. Wasu a tura su wajen tela ko makaniki ko masu gyaran waya, wasu kuwa iyayensu su biya musu kuɗin darasin hutu. Saura, waɗanda su ne suka fi yawa, suna nan a gindin maina suna ƙwallo, in jirgi ya wuce su bi shi da ido har ya ɓace.

To, dangantakar Yerwa da jirgin sama ba ta yau ba ce. Ta girmi mulkin kai da shekara 35. Garin kansa a 1907 aka kafa shi, zamanin Shehu Abubakar Garbai, saboda haka shekararsa 18 kacal sa'ad da jirgi ya fara sauka a cikinsa. Ran 27 ga watan Oktoba na 1925 wasu jirage uku na mayaƙan saman Ingila, ƙirar DH.9A masu fiffike biyu sama da ƙasa, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka biyo Kogin Nilu zuwa Hartum, suka karkato yamma ta Fashir da Abashe da Fallomi, inda yanzu ake kira Njamena, suka yada zango a Maiduguri, sa'an nan suka ƙarasa Kano ran 1 ga watan Nuwamba. Kano ce ta ɗauki suna, domin can aka nufa, can kuma aka yi babban biki. Amma ƙasar Barno ce ƙafafun jiragen suka fara takawa a Nijeriya, zamanin Shehu Sanda Kura. Abin lura kuma, hanyar da suka biyo a sama cikin kwana shida ita ce dai hanyar da alhazan ƙasar Hausa da Barno ke bi a ƙasa, a ƙafa da kan jaki da raƙumi, wasu su yi shekaru kafin su ga Bahar Maliya, wasu ma su zauna a Sudan ba su dawo ba.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano, Maiduguri na cikin zangunansa. Amma abin da ya ɗaga darajar filin shi ne Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. A tsakiyar 1940 Faransa ta faɗi, Italiya kuma ta shiga yaƙin a ɓangaren Jamus, sai ya zama aika jiragen yaƙi daga Ingila zuwa Masar ta Bahar Rum ya zama kasada. Turawan Ingila suka sake dabara. Sai a kwance jirgi a sa shi cikin akwatuna, a ɗauko shi a jirgin ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yau, a haɗa shi a can, sa'an nan matuƙi ya tashi da shi ta Ikko da Kano da Maiduguri, ya ƙetare Cadi zuwa Sudan, ya gangara Masar. Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne Gwamnan Cadi na lokacin, Félix Éboué, wanda baƙar fata ne, ya ƙi bin gwamnatin da ta miƙa wuya ga Jamus, ya bi Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940. A watan Satumba rukunin farko ya wuce. Yadda ake yi, jirgi ɗaya babba mai ɗauke da masanin hanya ya shiga gaba, ƙananan jiragen yaƙi irin Hurricane su biyo shi kamar 'yan tsaki a bayan kaza. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Shi kuwa Coningham da ya buɗe ta a 1925, shi ne ya zama shugaban mayaƙan saman da ke yaƙi a hamadar Masar da Libiya a 1941, watau shi ke karɓar jiragen a ɗaya bakin.

Littattafan Turawa sun cika da sunayen matuƙan. Ba su cika ambaton leburorin Barno da suka share fili, suka daddaɓe shi, suka yi ta mirgina durom-durom na mai a cikin zafin Afrilu ba. Sai a tuna jirgin ƙasa bai iso Maiduguri ba sai 1964, saboda haka duk ɗigon man da jirgi ya sha a nan, a mota aka ɗauko shi daga inda dogo ya ƙare.

Wannan yaƙi da ya mai da Maiduguri babban zango shi ne kuma ya haifi abin da Turawa ke kira 'yan kadet na sama. Da Ingila ta ga tana asarar matuƙa fiye da yadda take iya horarwa, sai a watan Fabrairu na 1941 ta kafa wata ƙungiya ta samari 'yan makaranta, a kan harsashin wata da aka fara tun 1938, domin a koya musu abubuwan farko tun ba su isa shiga soja ba. Kanada ma ta kafa tata a wannan shekara. Yaƙi ya ƙare, amma ƙungiyoyin ba su mutu ba, sai dai manufarsu ta sake. A Kanada yau yaro ko yarinya daga shekara 12 zuwa 18 na iya shiga, ba a biyan ko kwabo, kayan sarki ma aro ake ba shi. Ba soja ba ne, ba kuma wanda zai tilasta masa shiga soja in ya girma. A cikin shekara sukan haɗu da yamma sau ɗaya a mako a garinsu, a yi fareti, a yi darasi. Amma zuciyar abin duka ita ce dogon hutu, wanda su a can yake faɗowa a watannin Yuli da Agusta, lokacin da ƙanƙara ta narke rana ta yi tsawo.

A wannan hutu ne ake kwasar su zuwa sansanoni, da yawa a cikin barikokin mayaƙan sama, kowa da kwas ɗin da ya dace da shekarunsa. Akwai masu koyon yadda fiffike ke ɗaga jirgi da yadda inji ke aiki. Akwai masu koyon gyaran jirgi, da masu koyon aikin filin jirgi da na hasumiyar da ke ba jirage izinin tashi da sauka. Akwai waɗanda ake kai wa daji a koya musu abin da mutum zai yi in jirginsa ya faɗi inda ba kowa: yadda zai kafa bukka, ya hura wuta, ya sami ruwa, ya yi alamar da masu nemansa za su gani daga sama. Har masu busa da kiɗan badujala akwai. Kwas biyu ne kuwa kowane yaro ke mafarki. Na farko na mako shida ne, a koya masa tuƙin jirgi marar inji, wanda wani jirgi ke jansa da igiya ya kai shi sama ya sake shi, ya yi ta shawagi har ya sauko da kansa. Ɗan shekara 16 na iya fita da lasin. Na biyu na mako bakwai ne, na ƙaramin jirgi mai inji, ga ɗan shekara 17. Ba da sanayya ake shiga ba, sai an ci jarrabawar rubutu, an zauna gaban kwamiti, likita kuma ya gwada ido da zuciya. Ta wannan ƙofa Chris Hadfield ya bi, mutumin da a 2013 ya shugabanci tashar binciken sararin samaniya ta ƙasashen duniya.

Mai karatu na iya cewa ai wannan harkar masu kuɗi ce, ina ruwan biri da gada. To, Indiya ba ta da arzikin Kanada sa'ad da ta kafa ƙungiyar kadet ta ƙasa a 1948, ta kuma ƙara mata reshen sama a 1950. Har ma nan kusa an taɓa gwadawa. A 1962 Shugaba Kwame Nkrumah ya gayyato wata Bajamushiya gwanar tuƙi, Hanna Reitsch, ta kafa masa makarantar tuƙin jirgi marar inji a Afienya, kusa da Ankara babban birnin Gana. Matar tana da tabo, domin ta yi wa gwamnatin Hitila aiki, kuma ba ta taɓa nesanta kanta da ita yadda ya kamata ba. Duk da haka 'yan Gana sun tashi sama a Afienya su kaɗai a cikin jirgi. Da aka hamɓarar da Nkrumah a 1966 matar ta bar ƙasar, makarantar kuma ba ta sake komawa yadda take ba. Aikin da aka rataya a wuyan shugaba ɗaya ke nan.

Nijeriya wata hanya dabam ta bi. An kafa Rundunar Mayaƙan Sama da doka a watan Afrilu na 1964, da taimakon Jamus ta Yamma, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Tun kafin nan an fara aika samari koyon tuƙi, rukunin farko zuwa Habasha a 1962, na biyu kuwa zuwa Kanada a 1963. Game da yara ƙanana, maimakon ƙungiyar da kowane ɗan makaranta zai shiga yana gidan ubansa, sai aka zaɓi makarantar kwana. Sojan ƙasa suna da tasu a Zariya tun 1954. Mayaƙan sama suka buɗe tasu a Jos a 1980, daga baya aka ƙara ta 'yan mata. Wanda ke son zama hafsa kuwa sai ya gama sakandare ya nemi Kwalejin Horon Hafsoshi ta Kaduna, wadda ita ma a 1964 aka buɗe ta. In ya dace aka zaɓe shi tuƙi, a Kaduna zai fara da ƙananan jirage, sa'an nan Kano ga jirage masu gudu. Mai son tuƙin jirgin fasinja kuma ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, in mahaifinsa na da miliyoyin Naira, ko gwamnatin jiharsa ta ɗauki nauyinsa.

Makarantun nan sun yi aiki, ba mai musun wannan. Barno ma ta sami rabonta. Al-Amin Daggash, haifaffen Kirenowa a ƙasar Marte, ya kai matsayin Babban Hafsan Tsaron Ƙasa daga 1998 zuwa 1999, kuma shi ne mayaƙin sama na farko da ya riƙe wannan kujera. Amma in aka duba taswira za a ga dukkan ƙofofin suna Jos da Zariya da Kaduna da Kano, ko wacce fiye da kilomita 500 daga Maiduguri. Kuma ƙofofi ne ƙunci. Kwalejin Kaduna tana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, mai son tuƙi kuma sai ya iya kimiyya. Ko wace jiha tana da kasonta, gaskiya ne, amma kaso ba ya zauna wa yaro jarrabawa. A watan Maris na 2014 gwamnatin Barno ta rufe makarantunta na sakandare saboda hare-hare, da yawa cikin na Maiduguri suka koma masaukin 'yan gudun hijira, wasu ba su sake karɓar ɗalibai ba sai 2016. Yaron da ya yi asarar shekara biyu ta lissafi a wannan tsakani, ba da kunnensa mai gane ƙarar jirgi za a auna shi a ɗakin jarrabawa ba.

Su waɗannan yara kuwa ba wanda ya kai su sanin jirgin sama ta fuskarsa marar daɗi. Da asubahin ran 2 ga watan Disamba na 2013 'yan Boko Haram suka afka wa sansanin mayaƙan sama da ke jikin filin jirgin, suka ƙona jirage masu saukar ungulu biyu da wasu tsofaffin jirage uku da aka daina aiki da su. Aka rufe filin ga jiragen fasinja, ba su dawo ba sai 2015. A wannan shekara ce Shugaba Muhammadu Buhari, wanda aka sa wa filin sunansa a 2023, ya ba da umurni a mai da cibiyar gudanar da yaƙin Maiduguri. Tun daga nan ƙarar Alpha Jet ta zama kamar carar zakara a Ngomari, daga 2021 kuma aka ƙara da Super Tucano da aka sayo daga Amurka. Mutanen gari ba sa mance cewa jiragen nan sun taimaka wajen hana birnin faɗawa hannun maharan a farkon 2015. Haka kuma ba sa mance ran 17 ga watan Janairu na 2017, ranar da jirgin yaƙi ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, ya kashe mutane masu yawa har da ma'aikatan agaji, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Akwai gidaje a Maiduguri da in jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa, yaro ɗaya ya ruga waje kallo, ɗan'uwansa kuwa ya shige ƙarƙashin gado.

Shi ya sa in aka kawo maganar sansanin hutu na 'yan kadet a wannan gari, ba kowane uba ne zai yi murna ba, kuma masu ɗari-ɗarin suna da hujja. Barno ta ga yara da makami har ta gaji. Maharan sun sace yara sun ɗora musu bindiga, sun ɗaura wa 'yan mata bom. Ko ƙungiyar 'yan ƙato da gora, wadda samarin gari suka kafa a 2013 suka kori maharan daga unguwanni, sai da ta sa hannu a wata yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Satumba na 2017 cewa za ta daina amfani da ƙananan yara. A sakamakon haka aka sallami yara 833 a watan Oktoba na 2018, aka ƙara sallamar 894 a watan Mayu na 2019. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Dattijon da ya ga wannan duka, in aka ce masa za a sa wa jikansa kaki a koya masa fareti, dole ya tambaya: daga nan kuma sai ina?

Amsar da ta kamace shi ita ce a cire bindiga daga cikin zancen ɗungurungum. Abin da ke da amfani a cikin tsarin Kanada ba faretin ba ne. Shi ne a ɗauki yaro ɗan shekara 14 a tsayar da shi gaban injin jirgi na gaske, wanda ya san injin ya buɗe masa shi, ya nuna masa inda iska ke shiga da inda wuta ke kamawa, sa'an nan ya ce masa, ka ga wannan lissafin da kake gudu a aji, ga inda yake aiki. A cikin ko wane jirgi da ya tashi, bayan matuƙi ɗaya akwai mutane da dama a ƙasa: makanikai, da masu lantarki, da masu duba yanayi, da masu magana da jirage daga hasumiya, da 'yan kwana-kwana. Duk waɗannan sana'o'i ne da mutum zai ci abinci da su ko yana soja ko ba ya soja. Maiduguri kuwa tana da ko wannensu a cikin shinge ɗaya. Tana da jami'a tun 1975 mai sashen injiniya, tana da Kwalejin Fasaha ta Ramat, tana da azuzuwan da ke zaune ba kowa duk tsawon Agusta. Garin da Mustapha Gajibo ya cire wa ƙananan motocin bas injin fetur ya mai da su masu aiki da batir da hasken rana, ba za a ce ba shi da hannu ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, tashi sama kansa ba yanzu ba. Wannan abin takaici ne, domin da wuya a sami ƙasar da Allah ya shimfiɗa don jirgi marar inji kamar Barno. Mafi yawanta fili ne fetal. Da hantsi in rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan taso ta yi sama kamar hayaƙi, ita ce shirwa ke hawa ta yi ta kewaya ba ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya. Matuƙin jirgi marar inji ba abin da yake yi illa kwaikwayon shirwa, har ma yakan bi ta don ta nuna masa inda iskar take. Amma sararin Maiduguri na yaƙi ne tukuna. A farkon 2025 ma sai da rundunar da ke yaƙin ta hana tashi da ƙananan jirage marasa matuƙi ba da izini ba a wannan sashe, bayan maharan sun fara amfani da irinsu. Yanayi ma yana da nasa sharaɗi. Da damina hadari daga gabas yake tasowa, yawanci da yamma, da iska mai ƙarfi a gabansa, saboda haka duk abin da za a yi a fili sai da safe. Da hunturu kuwa ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele, arewa maso gabas da Tabkin Cadi, takan rufe gari har manyan jirage su kasa sauka. Wannan ma darasi ne. Yaron da aka kai ofishin masu duba yanayi na filin jirgi ya ga yadda ake auna iska da nisan gani, ya koma gida da abin da zai gaya wa mahaifinsa manomi.

Babbar matsalar ita ce ƙofar bariki. Tun abin da ya faru a 2013 ba mai ganin laifin soja in suka ƙi barin taron mutane su shiga inda jirage suke. Amma in yaran ba za su iya shiga ba, hafsoshin suna iya fitowa. Tsohon injin da ya daina aiki ana iya ɗora shi a mota a kai shi harabar makaranta. Mako biyu, da allo, da taswira, da kamfas, da katako marar nauyi na ƙera ƙananan jirage, da abincin rana, ba su kai kuɗin man da jirgin yaƙi ke sha a 'yan tashi kaɗan ba. Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a bar zaɓen yaran a hannun masu rabon takardar alfarma, domin in aka yi haka 'ya'yan manya ne za su cika wurin, su da dama ba su rasa inda za su je hutu ba. Kada kuma a mance da 'yan mata. Tolulope Arotile, wadda a 2019 ta zama mace ta farko mai tuƙin jirgin yaƙi mai saukar ungulu a ƙasar nan, kafin rasuwarta a 2020 tana da shekara 24, a makarantun mayaƙan sama na Kaduna ta yi firamare da sakandare. Tun tana ƙarama take ganin masu aikin da idonta, ta san mutane ne kamar kowa. Yarinyar da ke Shehuri ko Hausari ko Bulabulin ƙarar kawai take ji.

Da la'asar sakaliya, in ruwa bai sauko ba, baƙon da ya zaga bayan unguwannin da ke daf da filin zai tarar da yara a kan rairayi suna aikin da kakanninsu suka yi tun zamanin Hurricane. Sun samo karan dawa na bara, sun ɓare bayansa sun fitar da tsinke, suna soka shi cikin ɓargon karan suna haɗa jiki da fiffike da wutsiya. Wani ya yanko gwangwanin madara ya yi farfela, in ya ruga da gudu sai ta yi ta juyawa. Na yanzu har da masu saukar ungulu suke yi, da fanka a ka da ƙarama a wutsiya, kamar yadda suke gani. Akan sami wanda ya fi saura naci, wanda ba ya yarda jirginsa ya zama na riƙewa a hannu kawai, sai ya wurga shi. Jirgin ya ɗaga hanci, ya tsaya cik, ya faɗo. Ya ɗauka ya duba, ya manna ɗan laka a hancin, ya sake wurgawa. Wannan karon ya yi nauyi, ya kifa da ka. Ya rage lakar da farce, ya matsar da fiffiken baya kaɗan. A sansanonin Kanada wannan darasi yana da suna da lissafi da awa guda a jadawali. Ana kiran sallar magariba a masallacin unguwa, uwarsa ta leƙo ta ƙwala masa kira, shi kuwa yana ta roƙo a bar shi ya gwada sau ɗaya tak.